Wankan da Ba a Ɗaurayewa

A ɗakunan jinyar yara masu ciwon daji na manyan asibitocin Amurka da Kanada akwai wani ɗan akwati mai ɗumi da ake jonawa da lantarki kusa da teburin ma'aikatan jinya. Babu allura a cikinsa, babu ƙwayar magani. Ƙyallaye ne masu laushi, jiƙaƙƙu, a ƙunshe cikin leda, ana ɗumama su yadda uwa ke sirka ruwan wankan jariri da sanyin hunturu. Sau ɗaya a yini nas za ta zo ta zari ƙunshi, ta nufi gadon yaro, ta ja labule. Ba ta ɗauki bokiti ba, ba soso, ba sabulu, ba tawul. Bayan kamar minti goma sai ta yaye labulen, ga yaro zaune da sabuwar riga, an canza masa zanen gado.

Wanda ya zo dubiya zai ce jiki aka goge wa yaro, shi ke nan. Ni ma da haka na ɗauke shi, har sai da na zauna na karanta yadda ake koyar da shi da dalilin kowane motsi da ke cikinsa. Tun daga lokacin nake sa wannan wanka a sahun gwanintar asibiti da ta cancanci a tsaya a yaba, duk da ba a ɗaukar hoton mai yin sa, ba a kuma ambaton sunanta ranar da aka sallami yaro.

Kafin a gane gwanintar, sai an san halin da yaron yake ciki. Maganin kansa, wato ciwon daji, wanda ma'aikata ke kira kemo, yana farautar duk wata ƙwayar halitta da ke saurin hayayyafa a jiki. Ƙwayoyin cutar dajin suna ciki, amma saiwar gashi ma tana ciki, haka fatar cikin baki da ta hanji, haka ɓargo, inda ake ƙera jini. Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. Kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sukan yi ƙasa ƙwarai. A ma'aunin da ake ƙirga su, mai lafiya yakan wuce 1,500. Yaron da ke kan kemo yakan sauka ƙasa da 500, wani ma ya kusa sifiri, kuma ya shafe kwanaki a haka. A waɗannan kwanakin jikinsa gari ne da dakarunsa suka ƙare.

Sai kuma ƙofa. Ba a iya huda hannun ƙaramin yaro kullum har tsawon watanni, kuma wasu magungunan kansa suna ƙona ƙananan jijiyoyi. Saboda haka akan dasa masa siririyar roba a ƙirji, ta bi ta ƙarƙashin fata ta shiga babbar jijiya, bakinta ya tsaya dab da zuciya. Ta nan ake sa magani, ta nan ake ƙarin jini da ruwa, ta nan ake ɗiban jinin gwaji. Mafi shahara a irin waɗannan robobi tana ɗauke da sunan Robert Hickman, likitan yara a birnin Seattle, wanda ya gyara fasalinta a shekarar 1979 saboda masu dashen ɓargo. Rahama ce babba ga yaro, don ta raba shi da tsirar allura. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ce da aka yi da gangan, wadda ta miƙe daga fata har bakin zuciya.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara fahimtar lamarin shi ne inda maharan suke fitowa. Mukan ɗauka cutar asibiti daga gadon wani take tasowa, ko daga hannun ma'aikaci, kuma hakan na faruwa. Amma da yawa daga ƙwayoyin da ke shiga jinin yaran nan 'yan gida ne. Suna zaune a fatar kowane ɗan Adam tun daga haihuwa, a hammata da matsematsi da ramin cibiya, ba su cutar da kowa. Ɗaya daga cikinsu, Staphylococcus epidermidis, yana kan hannunka yanzu da kake karatun nan. Da ɗan gari akan ci gari. In ya samu ya bi jikin robar ya gangara ciki, sai ya manne, ya lulluɓe kansa da wani yauƙi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke shan wahalar ratsawa. Daga nan sai zazzaɓi da rawar ɗari, wani lokaci jini ya faɗi a garzaya da yaro ɗakin kulawa ta musamman. Sau da yawa dole a cire robar a sake dasa wata, a ɗage kemo na gaba, ita kuwa cutar dajin ba ta ɗage nata aikin. Yaro yana iya cin galabar sankarar jini, ƙwayar cutar da ta fito daga wuyansa ta yi ajalinsa.

Hikimar wankan ke nan: a rage yawan 'yan gidan kullum, yadda ko an samu tsaga, masu shiga ba su da yawa.

Sinadarin da ke jikin ƙyallayen sunansa kulohekzidin. Masanan kamfanin ICI ne suka haɗa shi a Manchesta ta Ingila, ya shiga asibitoci a 1954, yau kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana kama bangon ƙwayar cuta kamar maganaɗisu, ya farfasa shi, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu. Sifirit ma yana kashe ƙwayoyin cuta, har ya fi shi sauri, amma da ya bushe aikinsa ya ƙare. Shi kulohekzidin yana mannewa a saman fata ya ci gaba da aiki har wajen awa 24. Duk ƙa'idojin wankan daga wannan hali nasa suka fito, kuma nas ɗin da ta san halin ba ta buƙatar a rataya mata takarda a bango.

Ga yadda take yi. Za ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta taɓa ƙyallen da bayan hannunta ta ji ɗuminsa bai wuce kima ba. Yawan ƙyallayen da nauyin yaro ake auna shi: a tsarin da asibitocin yara da yawa ke bi, wanda bai kai kilo 10 ba biyu sun ishe shi, mai kilo 10 zuwa 30 huɗu, wanda ya haura 30 kuwa shida, kamar babban mutum. Kowane ƙyalle da yankinsa, in ya gama aikinsa kwandon shara ya nufa, ba a komawa da shi baya. Na farko wuya da kafaɗu da ƙirji. Na biyu hannuwa, har tsakanin yatsu, a ƙare da hammata. Na uku ciki, sannan matsematsi. Ƙafar dama nata, ta hagu nata. Na ƙarshe ya taso daga ƙeya, ya bi gadon baya, ya ƙare a mazaunai. Daga inda ya fi tsabta ake farawa a nufi inda ya fi datti, don kada a kwaso ƙwayoyin matsematsi a kawo su bakin robar da ke ƙirji. Duk macen da ta taɓa wanke jariri ta san wannan da hankalinta. Bambancin shi ne a nan kuskure ɗaya yana iya kai yaro ɗakin kulawa ta musamman.

Iyakar wankan muƙamuƙi ne. Daga haɓa zuwa ƙasa ake yi, fuska kuwa da ruwa zalla ake goge ta, saboda sinadarin yana lalata ido, in kuma ya shiga kunnen da dodonsa ya fashe yana iya kurumtar da yaro. Ba a kai shi cikin al'aura, ba a sa shi a buɗaɗɗen rauni mai zurfi. To amma tsoron fuska yana haifar da wani kuskuren: sai mai wanka ta tsaya nesa da wuya. Masu binciken da suka riƙa auna yawan sinadarin da ya rage a fatar majinyata bayan wanka sun tarar wuya yana cikin wuraren da ya fi ƙaranci, alhali nan gumi da yawu ke taruwa, nan ne kuma maƙwabcin robar. Gwana takan ɗaga haɓar yaro a hankali, ta bi lanƙwasar wuya ɗaya bayan ɗaya, ta zagaya bayan kunne ba tare da ta shiga cikinsa ba. A wannan ɗan taƙin na tsakanin haɓa da ƙashin wuya ake bambance wadda ta iya da wadda ke cika umarni.

Nauyin hannu ma ilimi ne. Shafa sama-sama ba ta sa sinadarin ya kama fata, sai an ɗan murza. Amma yaron da ke kan kemo ƙwayoyin da ke daskarar da jininsa ma sun yi ƙasa, ɗan matsi kaɗan sai wuri ya yi shuɗi, fatarsa kuma ta bushe ta yi laushi kamar takardar da ta sha ruwa. Murzawar da ta dace da saurayi ɗan shekara 15 mai ƙwarin jiki za ta iya yi wa 'yar shekara uku rauni, raunin kuwa wata sabuwar ƙofa ce. Babu littafin da zai rubuta wa mutum nauyin hannun da ya dace. A yatsu ake jin sa, bayan an yi wa yara ɗaruruwa.

Idan ta iso wurin robar sai ta ƙara natsuwa. Filastar da ta rufe bakin ramin ba a ɗaga ta don wanka, tana da ranar canjinta, yawanci bayan kwana 7 in mai garai-garai ce, ko nan take in ta jiƙe ko ta fara ɓantarewa. Nas za ta goge fatar da ke kewaye da ita, sannan ta kama robar da hannu ɗaya don kada ta fizgu, ta goge ta da ɗaya hannun daga jikin yaro zuwa waje, tsawon kamar santimita 15. Daga jiki zuwa waje, don kada ta tura datti wajen ramin.

Sannan sai abin da ya fi wuya a sa iyaye su yarda da shi: ba a ɗaurayewa, ba a tsanewa da tawul. Iska ake bari ta busar. Minti biyu ko uku jikin yaro zai yi danƙo, daga baya ya sake. Uwa tana tsaye tana kallo, hannunta na ƙaiƙayin ɗauko ruwa, don a saninta wankan da ba a ɗauraye ba bai cika ba. Amma ɗaurayewa wanke maganin ne tun bai kama ba. Haka man shafawa. Sabulai da mayuka da yawa suna ɗauke da sinadaran da ke kashe ƙarfin kulohekzidin da zarar sun haɗu, shi ya sa asibitoci ke ware man da ya dace da shi su hana sauran. In yaro zai yi wankan ruwa da sabulu, shi ake fara yi, a ɗauraye sosai, a bar fata ta bushe ta huce, wasu asibitocin har awa guda suke jira, sannan a zo da ƙyallayen. Gaggawa a nan ƙaiƙayi da ƙuraje take jawowa. Har masu wankin asibiti suna da nasu kason sani: zanen da sinadarin ya taɓa, in aka wanke shi da bilic, sai ya yi tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita.

Duk wannan aikin hannu ne. Akwai na ido, kuma a ganina shi ne rabin da ya fi daraja. Wankan ne kaɗai lokaci a yini da wani ke duba jikin yaro kaf, daga wuya har tafin ƙafa, a cikin haske. Yaron da fararen ƙwayoyin jininsa suka ƙare ba ya nuna ciwo yadda muka saba gani, don su ne ke kawo kumburi da ja da mugunya. Maruru da zai cika ya yi ruwa a jikin mai lafiya, a jikinsa ɗan ɗigon ja ne kawai, ko wurin da yake janye jiki in an taɓa. Nas tana gogewa tana karantawa: gefen filasta ya ɗaga ne? Akwai danshi a ƙarƙashinta? Waɗannan ɗige-ɗigen a ƙauri jiya suna nan? Akwai tsaga a dubura, inda ƙwayoyin hanji ke samun hanya? Ga wani baƙin tabo mai ja a kewaye a matsematsi, wanda yake iya zama alamar ƙwayar Pseudomonas ta shiga jini, abin da ba ya jiran wayewar gari. Abin da ta gani a minti goman nan yana iya sa likita ya fara magani yini guda kafin zazzaɓi ya bayyana.

Idon ne kuma ke gaya mata ranar da ba za ta yi ba. Jaririn da bai kai wata biyu ba, balle bakwaini, fatarsa ba ta yi ƙwarin ɗaukar sinadarin ba, yana iya ƙona shi. Wurin da ake gasawa da na'ura don maganin ciwon daji akan kauce masa. Fatar da ta saɓule ko ta yi ƙuraje masu yawa, musamman bayan dashen ɓargo, akan dakata a sanar da likita. Akwai wani maganin kansa mai suna tiyotefa da ke fita ta gumi ya ƙona fata, wanda ake ba shi sai an riƙa yi masa wankan ruwa sau da yawa a yini, a ajiye ƙyallayen gefe tukuna. Akwai kuma 'yan ƙalilan da jininsu bai haɗu da kulohekzidin ba sam, har numfashi ya sarƙe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2017. Saboda haka tambayar farko da nas ke yi wa uwa ita ce ko yaro ya taɓa yin borin jini da wani maganin goge fata.

Ga kuma lallashi. A takarda an rubuta wanka sau ɗaya a yini. A gado kuwa akwai yaron da ya kwana yana amai, bakinsa duk gyambo, warin komai na tayar masa da zuciya, sanyi yake ji ko an rufe taga. Akwai budurwa 'yar shekara 14 da gashinta ya zube, jikinta ya canza, ba ta son kowa ya gan ta. Ba a yi wa irin waɗannan da ƙarfi. Nas takan bar yaro ya zaɓi lokaci, da safe ko kafin barci. Takan buɗe yanki ɗaya ta goge ta rufe da bargo kafin ta buɗe wani. Ƙaramin yaro a ba shi ƙyalle ya goge wa 'yartsanarsa, ko ya goge cikinsa da kansa. Babba a koya masa, a ja masa labule, a taimaka masa da baya kawai. A asibitin yara na Cincinnati sun mai da abin lissafi mai sauƙin riƙewa ga masu dashen ɓargo: wanka sau ɗaya, motsa jiki sau biyu, tsaftace baki sau uku, kowace rana. Sun gane cewa abin da ake tsallakewa ranar da yaro ya fi galabaita shi ne abin da ya fi buƙata a ranar.

To, wankan yana aiki kuwa? A nan labarin ya ɗan karkata, kuma karkatar ce ta ƙara mini girmama masu wannan sana'a.

A 2013 aka buga manyan bincike biyu. Na farko, wanda Michael Climo ya jagoranta, ya bi majinyata 7,727 a ɗakunan kulawa ta musamman da na dashen ɓargo a asibitoci shida na Amurka, aka ga shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta ragu da kashi 28 cikin ɗari a watannin da ake wankan kulohekzidin. Na biyu na yara ne, Aaron Milstone na jami'ar Johns Hopkins ya jagorance shi a ɗakunan kulawa ta musamman 10 na asibitoci biyar, aka buga a mujallar Lancet. Da aka haɗa duk yaran, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Da aka ware waɗanda aka yi wa wankan yadda aka tsara, sai aka ga ragin kashi 36 cikin ɗari. Daga nan asibitoci suka rungumi abin, ɗakunan masu ciwon daji ma suka bi sahu, don hankali ya nuna cewa abin da ya amfani yaro mai roba a ƙirji a wancan ɗaki zai amfane shi a wannan.

Amma likitocin kansar yara ba su tsaya ga hankali ba, sun gwada. Babbar ƙungiyarsu ta COG ta shirya gwaji a cibiyoyi 36 na Amurka da Kanada ƙarƙashin Danielle Zerr ta asibitin yara na Seattle. Yara 177 aka ɗauka, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi ana goge su kullum da ƙyallen kulohekzidin, rabi da ƙyalle mai kama da shi wanda ruwan tsafta mai laushi ne kawai a jikinsa, har kwana 90, ba yaro ba likita babu wanda ya san wanne ne wanne. Sakamakon ya fito a 2020. Maganin bai rage cutar ba. A cikin kowane kwana 1,000 na zama da roba, masu kulohekzidin sun kamu sau 5.44, ɗaya ɓangaren sau 3.1. Matsalar fata ta fi yawa a ɓangaren maganin, kuma ƙwayoyin da aka samu a fatarsu sun ɗan fi jure masa. An rufe gwajin da wuri saboda ba a samu yawan yaran da aka nufa ba, don haka bai isa ya rufe magana ba, amma ya isa ya hana kowa bugun ƙirji.

Akwai dalilin da ke bayyana wani ɓangare na wannan. Yaro mai ciwon daji ƙofofinsa biyu ne. Kemon da ya yi wa bakinsa gyambo ya yi wa hanjinsa irinsa, ƙwayoyin da ke zaune a baki da hanji sai su ratsa su shiga jini ba tare da sun bi ta fata ba. Tun 2013 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ware wa irin wannan kamuwa suna na daban a ƙididdigarta. Ko sau goma aka goge ƙirji, ba a taɓa ƙwayar da ke hanji ba. Sannan fatar da kemo ya riga ya raunana tana iya tsagewa in aka dame ta da sinadari kullum. Yau asibitoci sun rabu: wasu na ci gaba da wankan ga duk mai roba a ƙirji, suna kafa hujja da ƙididdigar ɗakunansu, wasu sun taƙaita shi ga ɗakin kulawa ta musamman, inda hujjarsa ta fi ƙarfi.

Abin da na lura da shi a gwajin nan shi ne duka ɓangarorin biyu an tsara a riƙa goge su kullum. Sinadari aka gwada, ba a gwada barin yaro da datti ba, babu kuma likitan kansa da zai yarda a gwada hakan. Tsarin daga tsabta zuwa datti, kiyaye filasta, canza riga da zanen gado, duba fata kaf kowace rana, duk suna nan ko da me aka jiƙa ƙyallen. Sana'ar da za ta ɗauki abin da take alfahari da shi ta sa shi a ma'auni, ta kuma buga sakamakon ko bai yi mata daɗi ba, ta cancanci a amince mata.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sinadari. Shi ne man cibiyar da ake ba masu jego a shafa wa jariri a cibiya kaɗai, wanda jihar Sakkwato ta kasance cikin na farko da suka fara rabawa a 2013, kafin gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a 2016. Ya ceci jarirai daga cutar da ke shiga ta cibiya. Amma mun ga ɗaya fuskar tasa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an samu fiye da mutum 40 a ƙasashe tara na Afirka da aka sa musu shi a ido bisa kuskure, an ɗauka maganin ido ne, wasu har suka makance. Magani ɗaya ne, a cibiya ya tsare rai, a ido ya tafi da gani. Ƙa'idar nan ta tsayawa a muƙamuƙi ba tsirfa ba ce.

Hukumar ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da ciwon daji duk shekara a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa ba a kai kashi 30 ba, kuma kamuwa da ƙwayoyin cuta a tsakiyar magani yana cikin abin da ke cinye su. A asibitocinmu yawancin yara ta kanular hannu ake ba su kemo, akwatin ɗumama ƙyalle kuwa sai a hoto. Wankan yaro ma ba a hannun nas yake ba, yana hannun mai jinya: uwa, ko kaka, ko gwaggo da ta baro gidanta ta shimfiɗa tabarma a gindin gado. Ita ce ke ganin jikin yaron kullum. Ita ce ya kamata a koya wa.

Kuma abin koyarwar bai fi ƙarfinta ba. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa shi. Bahonsa da tawul ɗinsa nasa ne shi kaɗai, a wanke a shanya su bushe, don baho mai danshi da soson da ba ya bushewa matattarar ƙwayoyin cuta ne. Ƙyalle mai laushi ya fi soso. Ta fara daga sama ta ƙare da mazaunai. Kada ruwa ya taɓa filastar kanula, in ta jiƙe ta kira nas a canza. Kada ta tsiyaya Dettol ko wani maganin a ruwan wanka da ra'ayin kanta, sinadarinsa daban ne, kuma abin da fatar mai lafiya ke ɗauka ta mai kemo ba lallai ta ɗauka ba. Ko kulohekzidin ɗin ne, in aka sirka shi da ruwa aka ajiye a buɗaɗɗiyar kwalba ana ƙarawa a kai, akwai ƙwayoyin da ke rayuwa a cikinsa, kuma an sha samun ɓarkewar cuta a asibitoci ta wannan hanya. Sannan ta duba, ta faɗi abin da ta gani, komai ƙanƙantarsa.

Ina roƙon ma'aikatan jinyarmu na ɗakunan yara, duk da na san yawan gadajen da ke kan kowace ɗaya daga cikinku: ranar da aka kwantar da yaro mai ciwon daji, a samu minti goma a tsaya da mai jinyarsa a yi wankan farko tare, a nuna mata wuya da hammata da gefen filasta, a nuna mata abin da za ta riƙa nema. Ku kuma iyaye, ranar da aka sallame ku, ku sayi ma'aunin zafin jiki kafin ku hau mota. In ya nuna 38 a jikin yaron da ke kan kemo, kada a ba shi farasitamol a jira safiya. A kama hanyar asibiti a daren, a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa yana kan maganin kansa, domin ƙa'idar likitocinsa ita ce allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jikinsa cikin awa guda da isowarsa.